Ba Wanda Ya Tambayi Heluma

"Afiniki, ki dube ni mana! Da ke nake magana, ba da bishiyar mangwaron nan ba!"

Na ɗago kai na dube shi. Yafet yana tsaye jikin babur ɗinsa, takarda a hannu, gumi yana bin goshinsa. Tun daga Kafanchan ya kwaso gudu zuwa Kagoma don ya nuna mini takardar nan, ni kuwa na karanta na miƙa masa abarsa kamar wadda aka nuna wa takardar haraji.

"Na gani, Yafet. Na taya ka murna."

"Kin taya ni murna? Shi ke nan?"

"To me kake so in ce?"

"Ki ce kin yarda! Sun ba ni aikin, Afi! Nas a asibitin mishan, a Gembu, can kan dutsen Mambila. Har da gida! Amma gidan na masu aure ne, duba nan, sun rubuta... Bayan bikin Ista zan fara. Mu yi aure kafin nan, mu tafi tare."

"Gembu kwana nawa ne a mota?"

"Biyu... in hanya ya yi kyau."

"In bai yi kyau ba fa?"

Ya san inda maganata ta dosa, don tare muka juya muka dubi ƙofar gidanmu. Babana yana zaune a kan benci, cikin kakinsa mai guga, takalmi yana ƙyalli, agogo a hannu. Ya zuba wa hanya ido, hanyar da ba abin da ke wucewa a kanta sai awaki.

"Shekara huɗu, ƙaunata," in ji Yafet, muryarsa ta yi ƙasa. "Da farko kin ce sai kin gama makarantan malamai. Na jira. Mama ta rasu, kin ce in bari zafin ya wuce. Na jira. Baba ya yi ritaya, kin ce sai ya saba da ƙauye. Yaushe zai saba?"

"Ban sani ba."

"Ko ba ki so na ne kuma?"

"Haba Yafet! Kar ka ƙara faɗin wannan!"

Hawaye ya cika mini ido. Ina son mutumin nan har cikin ƙashina, Allah ya sani. Ina son yadda yake dariya da dukkan jikinsa, da yadda ba ya iya ɓoye komai, ko gyaɗa ya saya mini sai ya faɗa tun kafin ya sauka daga babur. Amma ni kaɗai na rage wa Baba. Yayyena biyu maza suna Legas, wasiƙarsu ma sai Kirsimeti.

Sunan babana Zakariya, amma ko mahaifiyata Heluma take ce masa. Shekara talatin da biyar ya yi a aikin jirgin ƙasa, ashirin daga ciki yana heluma, wato shugaban leburorin layi. Kullum da asuba zai saɓa doguwar gudumarsa ya bi layin dogo a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana duba kowane noti, mutum goma sha biyu suna biye da shi. Ba wanda ke ɗaga katako ɗaya sai ya ce, "Heluma, ya za mu yi?" A kwatas ɗin reluwe aka haife ni, kukan jirgi ne ya raine ni.

A shekarar tamanin da tara aka yi masa liyafar sallama, aka ba shi agogon hannu, aka tafa masa. Bayan wata uku muka miƙa makullin kwatas, muka loda kayanmu a akori-kura muka dawo Kagoma, garin da ya bari tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. Na samu aikin koyarwa a firamaren garin. Mutane suka ce Heluma ya dawo gida, sai hutu.

Ni na ga hutun da idona.

Ƙarfe biyar yake tashi, kamar da. Ya yi wanka da ruwan sanyi, ya hura gawayi a dutsen guga, ya goge kakinsa. Ya sha shayi a tsaye. Shida da rabi daidai ya fita da sauri... zuwa ƙofar gida. Nan tafiyar take ƙarewa. Sai ya tsaya ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya zauna a kan benci.

In zaman ya ishe shi, ya share tsakar gidan da na riga na share. Ya ɗauko sifana ya bi ƙofofi da tagogi yana ɗaure abin da bai kwance ba. Kekena kuwa ya sha wahala! Ranar nan ya ɗaure notin tayar har sai da na tura shi a ƙasa zuwa makaranta. Ya saurari labaran safe a rediyo, ya saurari na rana, ya saurari na yamma, labari ɗaya ne amma yana gyaɗa kai kamar sabo. Sau goma a yini zai ce, "Afi, ƙarfe nawa?" alhali agogon yana ɗaure a hannunsa.

Tsararrakinsa na garin manoma ne. In sun taru a gindin ɗorawa, hirarsu ta citta ce da doya da ruwan sama, cikin yarenmu, wanda a bakin Baba ya riga ya cakuɗe da Hausa da Turancin leburori. Ya je sau biyu ya zauna, ba wanda ya ƙi shi, ba kuma wanda ya nemi ra'ayinsa a kan komai. In sun wuce ƙofarmu da fartanya a kafaɗa sai su ɗaga hannu, "Heluma, ya hutu?" Ya ce, "Mun gode Ubangiji." In sun yi nisa sai ya sunkuyar da kai ya dubi tafin hannunsa. Wannan kallon hannun shi yake karya mini zuciya.

Mako guda bayan takardar Gembu, Yafet ya dawo da fara'arsa.

"Na gano ciwon Baba! Ba magani yake so ba, aiki yake so."

"Wane aiki, a shekarunsa?"

"Gonan kakan ki da ke bayan gida. Ya noma citta! Citta aiki ne na lissafi, shuka, rufi da ganye, cira, tsaga, shanya. In ya shiga ciki, ko ke ba zai gani ba."

"Gonar nan ta gaji, Yafet. Ko dawar da Anti Tamar ta shuka bana ba ta yi abin kirki ba."

"Shi ya sa na je wurin Babayo!"

Kowa a yankinmu ya san Babayo, Bafulatanin da rugarsa take hayin rafi. Al'adarmu ce in an gama girbi manomi ya roƙi makiyayi ya kawo shanunsa su riƙa kwana a gonarsa, su ci kara, su bar masa taki. Gonar da shanun Babayo suka yi wata guda a cikinta, cittarta sai an sa hannu biyu. Mutane har rige-rige suke yi, ana kai masa dawa da doya don ya fara da su. Amma Yafet ya taɓa jinyar Nene matar Babayo a asibiti, don haka Babayo ya ce da gonarmu zai fara, kuma ba ya son komai.

"Sai mu gaya wa Baba," na ce.

"A'a! Bari ya tashi da safe ya ga shanu cike da gonan shi. Ki ga yadda zai yi murna!"

Na yi dariya na ce to. Mu biyu, malamar makaranta da ma'aikacin asibiti, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wane irin mutum za mu yi wa ba-zata.

Ranar wata Asabar ce a farkon Disamba. Ina wanke-wanke da safe sai na ji ihu daga bayan gida.

"Fita! Komot! Waye ya kawo shanu nan? Fita na ce!"

Na yar da kwano na ruga. Sai na ga Baba a tsakiyar gona, ya ɗauko tsohuwar jar tutarsa ta layi yana kaɗawa, gudumarsa a ɗaya hannun, yana bin shanu da gudun da ban san yana da shi ba. Shekara talatin da biyar, saniya a wurinsa hatsari ce. Ya sha ba mu labarin abin da jirgi ke yi wa garke da abin da garke ke yi wa jirgi. Shi dai ya ga ƙaho a inda aka ba shi tsaro, jikinsa ya yi abin da ya saba.

"Baba! Baba tsaya!"

Ina! Shanu sun riga sun firgita. Suka keta shinge suka haye falalen dutsen da Anti Tamar, matar ƙanen Baba, da maƙwabta suka shanya tsagaggiyar cittarsu. Aikin wata takwas, suka tattake shi, suka watsa cikin ƙasa da kashin shanu. Wani ɗan maraƙi ya zurma rami, na ji ƙarar ƙashinsa daga inda nake.

Babayo ya taho a hankali, sandarsa a wuya. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, lafiya? Ni ban zo da faɗa ba. Likita ne ya roƙe ni." Yafet yake nufi.

"Wane likita? Gona na ne!"

Babayo ya dube shi, ya dubi tutar, ya ce, "To. Gonan ka ne." Ya sauka ramin ya ciccibo maraƙin ya ɗora a kafaɗa, ya yi wa shanunsa kira, suka bi shi.

Kafin nan mutane sun taru. Anti Tamar ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo citta na! Heluma, ka kashe ni! Mutane na kai buhun dawa don shanun nan su kwana a gonan su, kai an kawo maka kyauta ka bi su da guduma! Wane irin ɗan gari ne kai?"

Wani a baya ya ce, "Heluma ya tsayar da jirgi mai ƙaho!" Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, mutanenmu ko a gidan makoki sai sun sami abin dariya. Amma na ga yadda ta sauka a kan babana. Tutar ta yi ƙasa a hannunsa. Ya juyo ya dube ni.

"Kin sani?"

Na gyaɗa kai.

Ya naɗe tutar, ya wuce ta tsakiyar mutane ya shiga gida.

Tun rikicin addinin da aka yi a Kafanchan a shekarar tamanin da bakwai kowa a ƙasar nan kaffa-kaffa yake yi da irin wannan magana, don ƙaramin abu kan zama babba kafin a farga. A ranar, mai unguwa da Fasto da dattawa biyu suka shirya zuwa ruga ba da haƙuri. Baba ya fito da takalminsa a hannu zai bi su. Fasto ya dafa kafaɗarsa.

"Ka huta, Heluma. Za mu gyara."

Suka tafi suka gyara. Babayo mutumin kirki ne, ya ce ya wuce, ya kai shanunsa wata gona.

Washegari ban ji ƙarar dutsen guga ba. Na leƙa ɗakinsa, yana kwance da singileti, fuskarsa ga bango. Na dafa masa faten acca da yakuwa, wanda yake so, ya yi cokali biyu ya ture. Rediyon ma ya daina kunnawa. Ranar Kirsimeti 'yan zumuntar mata na cocinmu suka zo ƙofarmu da waƙa da kiɗan tulu, ya ce in ce musu ba shi da lafiya. Yafet ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin yana ba da haƙuri, Baba ya ce daga ciki, "Ba komai, yaro na. Ka gai da gida." Ko labulen bai ɗaga ba.

In na tafi makaranta ina koyar da yara jimla, hankalina yana ɗakin nan. Na dawo in same shi yadda na bar shi, abincin rana ya yi sanyi, ƙuda suna bin murfin. Mutumin da ke tafiyar mil goma kafin rana ta take, ga shi wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Na riƙa tambayar kaina, ina nan ma ke nan, in na tafi Gembu fa?

Sati na biyu a Janairu na hau mota zuwa Kafanchan. Na sami Yafet ya tashi daga aiki, muka tsaya a bayan asibitin, wajen da ake shanya zannuwan gado.

"Afi na! Me ya faru? Baba ne?"

"Ba zan iya ba, Yafet."

"Ba za ki iya me ba?"

"Auren. Tafiyar. Duka."

Ya yi wata 'yar dariya ta wanda bai gane ba. "Saboda shanu? Laifi na ne, na yarda! Zan gyara!"

"Ba shanu ba ne. In na bar shi, mutuwa zai yi."

"To mu tafi da shi! Gidan ɗaki biyu ne!"

"Mutumin da ba ya fitowa tsakar gida za ka kai kan dutse? Garin da aka haife shi ma ya zama baƙo, balle can?"

"To bari in je in tambaye shi. Shi ne uba, ya faɗa mana..."

"Kar ka kuskura!" Na riƙe hannun rigarsa. "Na san shi! In ka tambaye shi, zai ce in tafi. Zai yi murmushi ya sa mana albarka, sannan ya koma ɗakin nan ya mutu shi kaɗai. Ka yi mini alkawari ba za ka gaya masa komai ba."

"Afiniki, wannan ba daidai ba ne..."

"Ka yi mini alkawari, in dai kana so na!"

Idanunsa suka kaɗa.

"Na yi. To ni fa? Ni ya zan yi? Baba na ya ce ba zan hau dutsen nan ba mata ba. Aikin ma in ban je da aure ba, wani za su ba."

"Ka nemi wata."

"Kar ki faɗi abin da ba ki nufa ba, ƙaunata..."

"Na nufa."

Ƙarya nake yi, kuma na yi ta da kyau, ko muryata ba ta girgiza ba. Na juya na tafi. Ya kira sunana sau uku, ban waiga ba, don na san in na waiga shi ke nan. Sai da motar Kagoma ta tashi na cusa fuska cikin ɗankwali na yi kuka, wata tsohuwa mai kwandon tumatir tana ta ce mini, "Sai haƙuri, 'ya na, waye ya mutu?"

Ya aiko wasiƙa biyu ban amsa ba. Ya zo sau ɗaya na ɓuya a gidan Anti Tamar. Daga nan babur ɗin ya daina zuwa. A raina ina ganin na yi abin kirki, har ina jin kaina wata babbar mai sadaukarwa. In na ba Baba abinci ya ci, sai in ce a zuci, ka ga abin da na saya da farin cikina.

Shi kuwa Baba, ba ni na tashe shi ba, kansa ya tashi. Wajen Maris ya fara fitowa benci. Ba guga, ba takalmi, amma yana fitowa. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu, muna zaune a baranda da la'asar muna jin ƙamshin ƙasa, Anti Tamar tana ɓare gyaɗar iri, sai ya ce,

"Yaron nan mai babur ya kwana biyu."

"Aiki ne ya yi masa yawa, Baba."

Anti Tamar ta yi tsaki. Ita dama maganar cittarta ba ta gama fita daga ranta ba.

"Wane aiki? Yarinyan nan ya kore shi tun Janairu! Saboda kai! An ba yaron aiki a Mambila, ya ce su yi aure su tafi, ita ya ce ba zai bar ka ka mutu ba. Duk gari an sani, sai kai!"

"Anti!"

Baba ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Gaskiya ne?"

"Baba, ni dai..."

"Gaskiya ne, Afiniki?"

"I."

"Waye ya tambaye ni?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ce waye ya tambaye ni!" Ya buga benci da tafin hannu, gyaɗar Anti ta watse. Rabon da in ji wannan muryar tun muna kwatas. "An kawo shanu gona na, ba wanda ya tambaye ni. An je ba da haƙuri a kan laifi na, an ce in huta. Yanzu 'ya na, 'ya na guda ɗaya, an zo neman ta, an gama magana, an kashe magana, ni ina ɗaki kamar tsohon buhu!"

"Don ina son ka ne, Baba! Na ga ba ka cin abinci, na ji tsoro..."

"Kunya ne ya kwantar da ni, ba mutuwa ba! Mutum ba zai ji kunya ba kuma?" Muryarsa ta karye. "Reluwe sun sallame ni, ban ji haushi ba, lokaci na ne ya yi. Sun kira ni ofis, sun gaya mini a fuska na. Ke kuwa kin yi mini ritaya daga zama uba, ko takarda ba ki ba ni ba."

Na durƙusa a gabansa ina kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce a hankali,

"Kina son shi?"

"Ina son shi, Baba. Kamar raina."

"To. Gobe zan je gidan su."

Anti Tamar ta zabura. "Heluma, ka taɓa gani? Uban yarinya ya je gidan saurayi roƙo? Su ne ke zuwa, da dattawan su! Za ka ƙara sa a yi mana dariya a garin nan!"

"Su yi. Na saba."

Da safe ya sa farin kaftaninsa na zuwa coci da hula, ya hana ni raka shi ko tasha. Na tsaya a ƙofa ina kallon bayansa, ya miƙe sambal, yana taku irin na da. Ranar ban je makaranta ba. Na share gida, na yi kitso, na dafa shinkafa da kaza ba tare da na yarda na gaya wa kaina dalili ba. Duk motsin da na ji a hanya sai gabana ya faɗi.

Da la'asar sakaliya na ji ƙarar babur. Ko cikin babur ɗari zan gane wannan. Na fito da gudu ba takalmi, zuciyata tana tsalle, ga Yafet, ga Baba a bayansa!

Sai na ga fuskokinsu.

Baba ya sauka da ƙyar, ya wuce ni ya zauna a kan benci. Yafet bai kashe injin ba da farko, sai daga baya. Ya rame. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Afi..."

"Faɗa mini."

"An kira sunan mu a coci sau biyu, sanarwan aure. Ni da Lucia, 'yar abokin Baba na, daga Samaru Kataf. Asabar mai zuwa ne bikin. Na jira har ƙarshen Maris. Na rubuto, na zo... kin ce in nemi wata."

"Na ce."

"Baban ki ya durƙusa wa Baba na, Afi. Da furfuran shi. Na so ƙasa ya buɗe in shige. In na fasa yanzu, yarinyan nan me ta yi? An riga an tara mutane..."

"Kar ka fasa."

"Da kin bar ni na tambaye shi tun ranan nan..."

"Na sani, Yafet! Na sani!"

Hawaye suna zuba a fuskarsa bai share ba. Na so in riƙe shi, in ce masa ƙarya na yi a bayan asibiti, in ce ya tafi da ni ko a bayan babur ɗin nan ne. Amma mijin wata ne saura kwana biyar. Na haɗa hannuwana a baya don kada su ci amanata.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya," na ce. "Ka riƙe ta da kyau. Can akwai sanyi, ka saya mata rigar sanyi."

Ya taka babur ya juya. Na tsaya har ƙarar ta ɓace a bayan ɗorawa.

Da na dawo, Baba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ƙasa ta ɓata gwiwoyin farin kaftanin.

"Na makara, 'ya na," ya ce. "Sati uku kawai. Da sati uku da ya wuce na je, da na dawo miki da shi."

"Ba kai ka makara ba, Baba. Ni ce. Ka yafe mini."

"Na yafe. Zauna."

Na zauna kusa da shi, na jingina kaina da kafaɗarsa, ƙashi ne kawai a wurin. Ƙamshin shinkafar da na dafa yana fitowa daga kicin, ba wanda ya motsa. Can na ɗago, na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun wata huɗu da suka wuce.

"Baba, yanzu ya zan yi?"

Ya gyara zama. Ya yi gyaran murya, kamar mai shirin ba da umarni. Na ga yana neman amsa, yana nema da dukkan ƙarfinsa. Sai ya kama hannuna da hannuwansa biyu.

"Ban sani ba, Afi," ya ce. "Yau an tambaye ni, kuma ban sani ba."

Ya kifa fuskarsa a kan hannuna ya fashe da kuka, ni ma na bi shi.